KAFIN KA AIKA DA WAYAR LANTARKI GIDA, KA SAN AWONTA

Ba a rasa kayan gini a cikin manyan motocin da ke barin Ikko, Badun, Anacha da Fatakwal suna dosar Arewa. 'Yan'uwanmu mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12, Sabon Badun da sauran zangon Hausawa na Kudu kowa da burinsa, watau ya tara abin da Allah ya hore masa ya tsai da ɗan gini a garinsu. Daga cikin kayan da akan saya a nan Kudu a tura gida, har da wayar lantarki, don kuwa galibin masana'antun waya da manyan kasuwanninta, irin su Alaba ta Ikko, a wannan ɓangare suke.

To amma fa a nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Mai aikin wuta zai aiko da takarda daga Maiduguri ya rubuta "7/029 naɗi uku". Mai kanti a Ikko ya ce shi dai abin da ya sani 2.5 ne. Wani kuma ya ɗauko wata mai sheƙi ya ce ga geji 14 'yar waje. Mai saye ya tsaya tsakaninsu da kuɗinsa a hannu, bai san wanda zai bi ba, daga ƙarshe ya ɗauki wadda ta fi araha. Wayar nan kuwa idan ta shiga bango aka shafe ta da siminti, ba mai sake ganinta sai ranar da ta yi gardama, kuma gardamar waya gobara ce.

MAFONI DA WUTARTA

Bari mu ɗauki unguwar Mafoni ta Maiduguri misali. Mafoni ta girmi birnin kansa. A nan ne Turawan Ingila suka kafa barikinsu a farkon ƙarni na 20, kafin Shehu Garbai ya kafa Yerwa a shekarar 1907. Unguwa ce mai cunkoso, gida na jingine da gida, ga tsofaffin gine-gine da aka sa wa waya tun zamanin hukumar ECN da ta NEPA wadda ta gaje ta a 1972, ga kuma sababbin gidajen bulo da ake ta tayarwa a tsakaninsu. Saboda haka a gida ɗaya kana iya samun wayar zamanin inci a ɗakin tsohuwa, wayar milimita a sabon shago, da wayar Amurka a jikin sola a saman kwano.

Maganar sola kuwa ba ƙarama ba ce a Maiduguri. A watan Janairu na 2021 'yan ta da ƙayar baya suka rusa turakun babban layin wuta da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, suka sake rusawa bayan 'yan kwanaki. Garin ya daɗe cikin duhu, sai jama'a suka koma ga janareta da sola da batir, kowa ya ja waya yadda ya ga dama. A watan Maris na 2023 aka buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas mai ƙarfin megawat 50 a garin. Sa'an nan a watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni da dama, aka shiga sabon zagaye na gyare-gyare da sake wayarin. Duk wanda ke da gida a can, lalle maganar awon waya ta shafe shi.

DAGA INCI ZUWA MILIMITA

Dattawa za su tuna da canje-canje uku da aka yi a jere a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Ran 2 ga Afrilu 1972 motoci suka koma bin hannun dama. Ran 1 ga Janairu 1973 Naira da Kwabo suka maye gurbin fam da sule. A 1974 kuma aka kafa dokar awo da ma'auni, ƙasa ta kama hanyar barin yadi da inci da galan zuwa mita da milimita da lita. Ita kanta Ingila, wadda muka gaji ƙa'idojin wayarin daga gare ta, ta mai da awon wayoyinta zuwa milimita wajen shekarar 1970.

A tsohon tsari akan rubuta lamba biyu. Ta farko yawan silin da ke cikin wayar, ta biyu kaurin kowane sili da inci. Watau 7/029 na nufin sili 7, kowanne kaurinsa kashi 29 cikin 1,000 na inci. A sabon tsari kuwa lamba ɗaya ce, ita ce faɗin bakin ƙarfen idan an yanke wayar an dubi bakinta, ana auna shi da murabba'in milimita. Shi ne 'yan kasuwa ke taƙaitawa su ce "em-em". Ga yadda tsofaffin suke idan an juya su:

1/044 daidai yake da milimita 1.0.
3/029 ya kai 1.3, na kusa da shi a yau 1.5.
3/036 ya kai 2.0, ba shi da takwara, sai a hau zuwa 2.5.
7/029 ya kai 3.0, an maye gurbinsa da 2.5.
7/036 ya kai 4.6, an maye gurbinsa da 4.
7/044 ya kai 6.9, an maye gurbinsa da 6.
7/052 ya kai 9.6, na kusa da shi 10.
7/064 ya kai 14.5, na kusa da shi 16.

Mai karatu zai lura cewa ba su faɗa daidai wa daida ba. Tsohuwar 7/029 ta fi 2.5 ta yau ƙarfe, amma tsohuwar 3/029 ba ta kai 1.5 ba. Wannan shi ya sa wanda ya gaji tsohon gida bai kamata ya ɗauka cewa layin fitilunsa zai ɗauki abin da sabon layi zai ɗauka ba.

Lissafin ba shi da wuya ga mai son ya yi da kansa. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. A juya kaurin sili zuwa milimita, a ninka shi da kansa, a ninka da 0.785, sa'an nan a ninka da yawan silin. Alal misali 0.029 sau 25.4 ya ba da 0.737. Shi kuma sau kansa ya ba da 0.543. Sau 0.785 ya zama 0.426. Sau sili 7 ya tashi 2.98, watau kusan 3.

GEJI IRI BIYU NE

Kalmar geji ta fi kowace rikita mutane, don geji biyu ne ke yawo a kasuwanninmu, kuma a dukansu lamba tana hawa waya tana sirancewa. Geji 18 siririya ce, geji 6 kakkaura ce. Asalin abin daga masu jan waya ne, waɗanda kan zare ƙarfe ta cikin huda bayan huda, kowace huda ta fi ta baya ƙanƙanta, sai lambar ta zama kamar ƙirgen sau nawa aka ja.

Na farko shi ne gejin Amurka, wanda akan rubuta AWG a jikinsa, an tsara shi tun 1857. Shi ne za ka gani a wayoyin sola, na inbata, da igiyoyin kayan da aka shigo da su daga waje. Ga awonsa:

Geji 18, milimita 0.82.
Geji 16, milimita 1.31.
Geji 14, milimita 2.08.
Geji 12, milimita 3.31.
Geji 10, milimita 5.26.
Geji 8, milimita 8.37.
Geji 6, milimita 13.3.
Geji 4, milimita 21.2.
Geji 2, milimita 33.6.

Akwai wata 'yar dabara ta tunawa. Duk lokacin da lamba ta sauka da uku, ƙarfen ya ninka biyu.

Na biyu shi ne gejin Ingila, mai alamar SWG, wanda masu naɗin injin fanka da famfo da taransifoma ke sayen waya da shi har yau. Geji 14 na Ingila milimita 3.24 ne, alhali geji 14 na Amurka 2.08 ne kawai. Lamba ɗaya, ƙarfe daban. Saboda haka idan mai kanti ya ce maka geji 14, tambaye shi na wace ƙasa. Idan kuwa ya ce geji 14 na Amurka shi ne 2.5, to ya rage ka da kusan kashi ɗaya cikin shida. Ƙa'ida ita ce idan za a juya awo bai faɗa daidai ba, sama ake hawa, ba a sauka ƙasa.

NAUYIN DA WAYA KE IYA ƊAUKA

Waya kamar jaki take, kowace da iyakar kayanta. Kayan waya shi ne amfiya. Don a san amfiyar da na'ura ke ja, sai a duba wat ɗin da aka rubuta a jikinta a raba da 230, watau ƙarfin bolt na wutar gida a Nijeriya. Dutsen guga mai wat 1,200 yana jan amfiya 5 da ɗan ɗoriya. Hita mai wat 3,000 tana jan 13. Murhun lantarki mai wat 6,000 yana jan 26.

Littafin ƙa'idojin wayarin na Ingila, wanda makarantun koyon sana'a na ƙasar nan ke koyarwa da shi, ya ba da iyakar wayar jan ƙarfe mai rigar roba, guda biyu cikin bututu a bango, kamar haka:

Milimita 1.0, amfiya 13.5.
Milimita 1.5, amfiya 17.5.
Milimita 2.5, amfiya 24.
Milimita 4, amfiya 32.
Milimita 6, amfiya 41.
Milimita 10, amfiya 57.
Milimita 16, amfiya 76.

Dalilin iyakar shi ne zafi. Duk wayar da wuta ke bi tana ɗumama, kuma idan amfiya ta ninka biyu zafin yakan ninka huɗu. Robar da ke jikin wayar gida an yi ta ne ta jure digiri 70 na ma'aunin santigiret. Idan ana wuce haka kullum, sai ta bushe, ta tsage, ƙarfe ya taɓa ƙarfe ko ya taɓa katakon rufi.

ZAFIN BARNO BA NA IKKO BA NE

A nan ne muke son 'yan'uwa mazauna Kudu su kasa kunne sosai. Lambobin da muka jera a sama an yi su ne bisa zaton cewa zafin wurin digiri 30 ne. Wannan bai yi nisa da yanayin Ikko ba. Amma a Maiduguri, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa yakan haura digiri 40, balle cikin silin ƙarƙashin kwano da tsakar rana. Wayar da ta riga ta yi zafi tun kafin a kunna komai ba ta da sauran sarari mai yawa kafin ta kai 70 ɗin nan.

Shi ya sa littafin ya ce a rage. A digiri 40 a ninka iyakar da 0.87. A digiri 45 da 0.79. A digiri 50 da 0.71. Har wa yau idan an cusa layi biyu a bututu ɗaya a ninka da 0.8, idan uku ne da 0.7, don suna ɗumama juna. Ke nan 2.5 da aka ce tana ɗaukar amfiya 24, a digiri 45 ta dawo 19. Idan kuma layi uku ne a bututun, ta dawo 13 da 'yan kai.

Mu ɗauki gida ɗaya a Mafoni. Uwargida ta sa abin dafa ruwa mai wat 2,000, yaro yana guga da mai wat 1,200, firji yana jan 200, duka a layi ɗaya. Jimla wat 3,400, watau kusan amfiya 15. Idan wayar 2.5 ce ta gaskiya, ita kaɗai a bututunta, lafiya lau. Idan kuwa 1.5 ce, iyakarta a wannan zafi ba ta kai 14 ba, ta fara cin robarta ke nan a hankali, ba wanda ya gani, ba wanda ya ji. Kuma lokacin zafin ne ake kunna fanka da firji da iyakwandishan gaba ɗaya.

NISA MA YANA CI

Ban da zafi akwai nisa. Gwargwadon tsawon waya, gwargwadon bolt ɗin da ke zubewa a hanya. A wayar 1.5 kowace amfiya tana zubar da kashi 29 cikin 1,000 na bolt a kowace mita. A 2.5 kashi 18 ne, a 4 kashi 11, a 6 kashi 7.3, a 10 kashi 4.4. Ƙa'ida ta ce kada asarar ta wuce kashi 5 cikin 100 ga na'urori, watau bolt 11.5.

Wanda zai ja wuta mita 100 zuwa injin rijiyar burtsatse mai jan amfiya 10, idan ya sa 2.5 zai yi asarar bolt 18, ya ƙetare iyaka ko da yake wayar ba ta yi zafi ba. Da 4 asarar bolt 11 ce, ya shiga da ƙyar. To ina ga unguwar da wutar kan zo da rauni tun daga taransifoma? Injin da bai sami cikakken bolt ba yakan ƙara jan amfiya don ya cika aikinsa, ta haka ne naɗinsa ke ƙonewa, mai shi ya yi ta zagin kamfanin wuta alhali rabin laifin yana cikin wayarsa.

Masu sola kuma su yi hattara da wani abu. Wat 1,000 a wutar 230 amfiya 4 ce da kaɗan. Amma wat 1,000 ɗin nan daga batir mai bolt 12 ya haura amfiya 83, kafin ma a lissafa abin da inbata ke ci. Wayar da ke tsakanin batir da inbata sai ta kai milimita 25 ko 35, kuma gajeriya, da fis a kusa da kan batir. Kuskure ne babba mutum ya ce ai bolt 12 ba ya kisa, ya haɗa da ragowar wayar soket. Ba ya jan mutum, amma yana ta da wuta.

BIREKA MAI GADIN WAYA CE

Mutane da yawa suna zaton fis da bireka talabijin da firji suke karewa. A'a, aikinsu na farko shi ne kare waya. Dole ƙarfin bireka ya kasance ƙasa da iyakar wayar da ke bayanta, don ta faɗi kafin waya ta gasu. Layin fitilu na 1.5 akan ba shi bireka mai amfiya 6 ko 10. Layin soket na 2.5 akan ba shi 16 ko 20, kuma a zafin Barno 16 ta fi kwanciyar rai. Idan bireka ta cika faɗuwa, magana take yi. Wanda ya cire ta ya sa babba, ko ya ɗaure fis da silin waya ko ƙusa, ya kori mai gadi ne don ya dame shi da ihun ɓarawo.

YADDA ZA KA GANE TA GASKIYA

Akwai wayoyi a kasuwa da aka rubuta 2.5 a jikinsu amma ƙarfen ciki bai kai ba, an cika kaurin da roba. Akwai kuma waɗanda alminiyam ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe. Alminiyam kuwa ba ya ɗaukar wuta kamar yadda jan ƙarfe ke ɗauka, ga shi da saurin karyewa da sakin jiki a bakin soket. Ga hanyoyin gwaji:

Na ɗaya, a fere robar a kankare ƙarfen da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ciki, a ajiye ta.

Na biyu, a auna kauri da ma'aunin da makanikai ke auna ƙarfe da shi. Mai sili ɗaya, 1.5 kaurinta milimita 1.38 ne, 2.5 kuma 1.78. Mai sili 7, a 4 kowane sili 0.85 ne, a 6 kuma 1.04, a 10 kuma 1.35, a 16 kuma 1.70.

Na uku, a ɗora a sikeli. Jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na 2.5 ya kai kilo 2.2 shi kaɗai ban da roba, na 1.5 kuma kilo 1.3. Naɗin da bai kai wannan ba har da robarsa, akwai magana.

Na huɗu, a tambayi tsawon naɗin. Yadi 100 mita 91.4 ne kawai. Wanda aka sayar wa yadi da sunan mita ya yi asarar fiye da mita 8 a kowane naɗi.

Na biyar, a duba sunan kamfani da awo da alamar NIS ta hukumar kula da ingancin kaya, SON, wadda aka kafa tun 1971. Kamfanonin gida irin su Kabelmetal da Nigerchin na Ikeja, Cutix na Nnewi, Coleman na Jihar Ogun da NOCACO na Kaduna sanannu ne. Amma da yake sunan da ya yi fice shi 'yan jabu ke kwaikwayo, gara a saya wurin dilan da kamfanin ya amince da shi, a karɓi rasit mai ɗauke da awo da tsawo.

SHAWARA GA MAI GINI DAGA NESA

Kafin ka sayi ko da mita ɗaya, sa mai aikin wuta ya rubuto maka kayan da za a kunna a gidan ɗaki bayan ɗaki, har da waɗanda kake fatan saya nan gaba. Ka ce ya rubuta awon da milimita, da tsawon kowane layi, da ƙarfin birekarsa. Ka nemi wanda ya yi karatun abin yana da takardar shaida, irin waɗanda suka fito daga kwalejin Ramat ta Maiduguri ko makarantun koyon sana'a, kada zumunci ya sa ka ba ɗan ƙanenka da ya yi wata uku yana riƙe wa wani tsani. Kada a manta da wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, da sandar jan ƙarfe da akan kafa mata, don ita ce ke tsakanin iyalinka da jan wuta.

Wanda gidansa tsoho ne, ko ruwan 2024 ya shiga, ya sa a gwada wayoyin da na'urar gwajin roba kafin a ci gaba da ɗora musu kaya, a kuma sake duk soket da makunnin da suka sha ruwa. Soket mai zafi, warin roba, ko fitila mai dusashewa idan an kunna dutsen guga, duk alamu ne da ba a jira da su.

Bambancin kuɗin da ke tsakanin waya ta gaskiya da ta jabu bai kai kuɗin ƙofa ɗaya ta gidan ba. Ga shi kuwa a unguwa irin Mafoni, inda katanga ke haɗe da katanga, wutar da ta tashi a silin ɗinka ba ta san iyakar filinka ba. Ka yi shekaru kana fama da rana da ruwan Kudu kafin ka tara kuɗin ginin nan, iyayenka da 'ya'yanka ne za su kwana a ciki kai kana nesa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Allah ya tsare mu da gobara, ya sa kowa ya shiga gidansa lafiya, amin.